Yadda Ake Ɗaukar Hoton Motocin Dauri a Filin Baje Koli

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tsohuwar mota da aka wanke aka goge har tana ɗaukar ido, ya ɗaga kyamara ya danna, sannan ya duba abin da ya fito, ya san irin takaicin da ke biyo baya. Motar da ke gabansa abar sha'awa ce, amma a cikin hoton sai ya tarar da ƙafafun jama'a a jikin ƙofa, da rumfar masu sayar da abinci a kan bonet, da surarsa shi kansa a lanƙwashe a cikin bamba. Dalilin wannan shi ne jikin mota madubi ne, kuma gwargwadon yadda mai ita ya goge ta, haka madubin yake ƙara kyau. Wanda yake ɗaukar hoton mota a fili, a haƙiƙa hoton sararin sama da bishiyoyi da mutanen da ke kewaye da ita yake ɗauka, kamar yadda suka bayyana a jikin fentinta. Idan ka riƙe wannan, sauran abin da zan faɗa zai zo maka da sauƙi, domin kusan kowace dabara a wannan aiki tana komawa ne ga zaɓen abin da zai bayyana a jikin motar da abin da ba zai bayyana ba.

Manyan tarukan irin waɗannan motoci galibi a fili ake yin su. Akwai na Pebble Beach a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka fara a 1950, ana jera motocin a kan ciyawar filin wasan golf da ke bakin teku a cikin watan Agusta. Akwai na Villa d'Este a bakin tafkin Como a Italiya, wanda ya samo asali tun 1929, sai kuma Goodwood Revival a kudancin Ingila, wanda ake yi a watan Satumba tun daga 1998. Ko a babban taro kake ko a ɗan ƙaramin da masu sha'awar tsofaffin motoci suka shirya a harabar wani wuri, sharuɗɗan iri ɗaya ne: ba kai ka ajiye motar ba, ba za ka iya matsar da ita ba, hasken rana ba ya hannunka, kuma akwai ɗaruruwan mutane da suke da haƙƙin kallo daidai da naka. Abin da ya rage maka shi ne lokacin da ka zo, da inda ka tsaya, da tsawon haƙurinka.

Ka yi sammako. A Pebble Beach har al'ada ta zama mutane su taru tun kafin gari ya waye don su ga motocin suna shigowa fili ɗaya bayan ɗaya, kuma masu ɗaukar hoto da suka san aikinsu ba sa bari wannan lokaci ya wuce su. Da sassafe rana tana ƙasa, haskenta yana zuwa ta gefe, yana bin lanƙwasar ƙofa da madigadi yana fito da siffar motar, ga shi kuma jama'a ba su cika ba tukuna. A wannan lokaci ne za ka samu masu motoci suna goge raɓa da ƙyalle, suna buɗe bonet suna duba mai, kuma waɗannan hotuna sun fi hoton motar da ke tsaye ita kaɗai rai. Haka ma yammaci, bayan la'asar, lokacin da taro ya fara watsewa, motoci suka fara fita, gurabe suka buɗe tsakanin waɗanda suka rage. Mutane da yawa suna tafiya gida a daidai lokacin da haske ya fi kyau, saboda sun gaji da yawon rana, shi ya sa nake ba da shawarar mutum ya huta da tsakar rana ya tanadi ƙarfinsa.

Ranar da hadari ya lulluɓe sama kada ka yi baƙin ciki. Gajimare yana baza haske ya tausasa shi, fenti ya fito da ainihin launinsa, ƙarafa masu ƙyalli su daina ƙona hoto. Rana tsaka mai zafi ita ce mafi wuyar sha'ani, domin tana dukan rufin mota da bonet ta mayar da su fari fat, ta bar ƙasan mota da tayoyi cikin baƙar inuwa. Idan ta kama dole ka yi aiki a lokacin, to ka bar ɗaukar mota gaba ɗaya, ka koma ga ƙananan sassa da cikin mota, waɗanda zan yi bayaninsu nan gaba.

Idan ka iso ga motar da ta burge ka, kada ka ɗaga kyamara nan take. Ka zagaye ta sau ɗaya a hankali, idonka a kan fentin, kana lura da yadda abin da ke jikinta yake sauyawa da kowane taku. A wani wurin za ka ga ƙofar cike da surar motar da ke maƙwabtaka da ita, ka ƙara taku biyu sai ka ga ta koma ɗauke da sararin sama da layin bishiyoyi kawai, layin ya miƙe daga fitilar gaba har zuwa ta baya. Wannan layi shi ake nema, domin shi ne yake nuna wa mai kallo yadda maƙerin motar ya lanƙwasa ƙarfen. Tufafinka ma suna da tasiri. Farar riga ko mai launi mai ƙarfi za ta bayyana a kowace bamba da kowane murfin taya, don haka baƙaƙe ko masu duhu sun fi dacewa, ko da yake sun fi jan zafi. Kafin ka danna, ka duba wuraren da suke da ƙyalli ɗaya bayan ɗaya ka nemi kanka a ciki, in ka gani sai ka gusa gefe ko ka ja da baya har ka ɓace ko ka zama ɗigo.

Cikin dukan kayan aikin da mutum zai saya saboda wannan sana'a, babu wanda ya kai matatar haske da ake kira CPL amfani. Wani ɗan gilashi ne mai duhu-duhu da ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara, ana juya shi da yatsa kamar zobe. Hasken da ya daki gilashi ko fenti ya dawo a karkace yana zuwa ne a jere ta fuska guda, ita kuwa matatar tana tare hasken da ke zuwa ta wannan fuska. Ka sa ido a kyamara ka juya zoben a hankali, za ka ga farin da ya rufe gilashin gaba yana narkewa har sitiyari da kujeru su bayyana, jan fenti kuma ya ƙara nuna kamar an zuba masa ruwa. Amma akwai abubuwa da ya kamata ka sani game da ita. Ba ta share ƙyallin gilashin gaba da na gefen mota a lokaci guda, domin fuskokinsu daban suke kallo, saboda haka dole ka zaɓi wanda ya fi muhimmanci a hoton, ko ka tsaya a tsakiya. Ba ta da wani tasiri a kan ƙarfe tsura irin na bamba da lagireto. Ta fi aiki idan kana kallon fuskar motar a karkace, in kana fuskantarta kai tsaye kusan ba za ka ga bambanci ba. Tana kuma cin haske, abin da ke isa cikin kyamara yakan ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, don haka da asuba ko bayan faɗuwar rana gara a cire ta. Wani lokaci za ka ga ta fito da tabo-tabo ko launuka a gilashin baya da na gefe, wannan daga yadda aka gasa gilashin ne a masana'anta, sai ka sassauta juyin kaɗan. A ra'ayina kuskure ne a share ƙyallin gaba ɗaya ko da ana iyawa, domin motar da ba ta ƙyalli ko kaɗan takan fito kamar ta roba, alhali mai ita ya kwana yana goge ta ne don ta yi ƙyalli.

Sai batun tsayuwa. Yawancin mutane suna ɗaukar hoto a tsaye, kyamara a daidai idonsu, shi ya sa hotunansu suke kama da juna, rufin mota ya yi yawa, motar kuma ta ƙanƙance. Ka tsuguna har kyamarar ta zo daidai da fitilar gaba, ko ƙasa da haka kaɗan. Daga nan motar takan yi kwarjini, tayoyinta su kafu a ƙasa, kuma jikinta ya rufe yawancin tarkacen da ke bayanta. Tsayuwar da aka fi sani ita ce ta kusurwa, inda ake ganin gaban mota da gefenta tare, gefen ya ɗan fi yawa. Idan an juya tayoyin gaba, ka zaɓi ɓangaren da fuskar wili take kallonka, domin hoton da yake nuna tafin taya baƙi ƙirin a gaba ba ya kyau.

Amma kowace mota da inda kyawunta yake, kuma nan ne sanin motoci yake taimakon mai hoto. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Janiba a 1961, dogon bonet ɗinta shi ne abin kallo, don haka a ɗauke ta daga gefe ko daga kusurwar da za ta bar tsawon ya fito. Cadillac ta 1959 kuwa bayanta ne labari, da dogayen fukafukanta da jajayen fitilu biyu-biyu masu tsini, wanda ya ɗauke ta daga gaba kawai ya bar mafi muhimmanci. Citroën DS ta 1955 tana da faɗi a gaba ta tsuke a baya, da fitilun sigina a can saman kusurwar rufi, sai a gefe ko daga baya ake gane wannan. Marsandi 300 SL ta 1954 ƙofofinta sama suke buɗewa kamar tsuntsu ya ɗaga fukafuki, ya dace mutum ya jira har mai ita ya buɗe su, ko da zai kai rabin sa'a. Haka nan motocin da muka tashi muka gani a titunanmu, waɗanda yanzu suka shiga sahun na dauri: Fijo 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, alamarta ita ce but ɗin da ya karyo ya gangara ƙasa da fitilun gaba masu kusurwa, ita kuwa Volkswagen mai ƙirar kunkuru ƙusumbin bayanta da zagayayyun madigadinta su ne kamanninta.

Gilashin kyamara da ka zaɓa yana sauya siffar mota fiye da yadda ake zato. Mai faɗin gani, irin na milimita 16 zuwa 24, yana tilasta maka matsowa kusa, kuma da zarar ka matso sai ɓangaren da ke kusa da kai ya kumbura, fitila ɗaya ta zama ƙatuwa, bayan motar ya tsuke. Wasu suna son hakan, ni dai ina ganin cin zarafin ƙirar motar ne. Gara ka ja da baya ka yi amfani da mai janyo nesa, daga milimita 70 zuwa 200, wanda zai bar motar da ainihin tsarinta, ya kuma rage faɗin abin da ke bayanta, ta yadda ɗan gungun bishiya guda zai isa ya zama bango. Wahalarsa ita ce tazarar da ke tsakaninka da motar za ta riƙa cika da masu wucewa. Maganin wannan haƙuri ne kawai: ka tsara hotonka, ka saita komai, ka tsuguna ka jira, domin jama'a kamar igiyar ruwa suke, suna zuwa suna wucewa, kuma a kowane ɗan lokaci akan samu daƙiƙa biyu ko uku da fili yake buɗewa. Kada ka riƙa korar mutane ko ɗaga musu murya, su ma kuɗi suka biya suka shigo. Mai kyamarar waya ya guji gilashin 0.5, ya zaɓi na 2 ko na 3 ya ja da baya, ya kuma juya wayar kanta ƙasa idan yana son idon kyamarar ya kusanci ciyawa.

Game da saiti, buɗin idon kyamara na f/8 yakan isa ya sa motar ta fito sarai daga gaba har baya idan kana ɗan nesa. In kana son jama'a da rumfuna su dushe, ka buɗe zuwa f/4 ko f/2.8, ka ɗora saitin gani a kan fitilar da ta fi kusa da kai, ka kuma yarda cewa bayan motar zai ɗan dushe shi ma. A hasken rana sosai ISO 100 ya wadatar (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take jin haske), kuma a f/8 saurin ƙiftawar idon kyamara zai kai wajen 1/400 na daƙiƙa. Abin da ya fi yaudarar sabon hannu shi ne launin mota. Kyamara tana auna haske ne da zaton komai ruwan toka ne, don haka in ta cika da baƙar mota sai ta ƙara haske har baƙin ya kwashe, in kuma farar mota ce sai ta rage har farin ya yi dauɗa. Ga baƙar mota ka rage haske da mataki ɗaya, wato rabin hasken, ko ƙasa da haka, ga fara ka ƙara, sannan ka duba jadawalin hasken da kyamara ke nunawa kada ya tokare a gefen dama, domin fentin da ya ƙone ya zama fari ba ya dawowa. Ɗigon ƙyalli a kan bamba ba laifi ba ne idan ya ƙone. Ka ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in kyamararka tana da shi, saboda yana ba ka damar ɗago inuwar ƙasan mota daga baya.

Ƙananan sassa su ne abincin tsakar rana, kuma sau da yawa su suke fi daɗewa a ran mai kallo: tambarin da ke kan bonet, kamar ɗan mutum-mutumin mace da Rolls-Royce take ɗorawa a kan lagireto tun 1911, da agogunan dashbod, da sandar giya da hannu ya goge har ta yi santsi, da fatar kujera da ta tsattsage, da kafireto da wayoyin fulogi a cikin inji. A nan ka matso, ka buɗe idon kyamara, ka zaɓi abu ɗaya. Idan rana tana dukan wurin, ka tsaya yadda inuwarka za ta rufe shi gaba ɗaya, ko ka roƙi abokin tafiyarka ya tare da lema. Don ɗaukar cikin mota ta gilashin da ke rufe, ka kusanto da kyamara sosai ba tare da ta taɓa ba, ka kare gefenta da tafin hannu ko hula. Filasha ba ta da amfani sosai a nan, farin tabo kawai take bari a kan fenti da lambar mota.

Akwai ladabin da ba a sassauci a kansa: ba a taɓa mota, ba a jingina da ita, ba a buɗe ƙofarta, ba a ɗora komai a kanta. Wasu daga cikin motocin nan an shafe shekaru ana gyaransu, wasu kuma fentinsu na asali ne da ba a iya mayarwa. Haɗarin ma ba daga hannu yake zuwa ba yawanci, daga abin da ke rataye a jikinka ne. Na taɓa sunkuyawa in ɗauki hoton sitiyari ta tagar wata tsohuwar Marsandi, jakar da ke kafaɗata ta zamo ta yi lilo, ƙarfen maɗaurinta ya tsaya bai fi faɗin yatsa ba daga ƙofar. Mai motar, wani dattijo, yana zaune a kujerarsa ta naɗi yana kallo, na ga yadda fuskarsa ta sauya, kuma har yau ina jin nauyin abin. Tun daga ranar nake ajiye jaka a ƙasa, in naɗe igiyar kyamara a wuyan hannu, kafin in matsa kusa da kowace mota. Ka gaishe da mai mota, ka tambaye shi shekarar da aka ƙera ta da yadda ta zo hannunsa. Mafi yawansu suna jin daɗin a tambaye su, kuma daga wannan hira ne za a buɗe maka bonet, ko a rufe shi idan kana son siffar motar cikakkiya, ko a ɗauke allon bayanin da aka jingina a gilashi. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hotonsa, ka kuma karɓi hanyar da za ka aika masa, sannan ka cika alkawari.

Ba kullum ne mutane suke ɓata hoto ba. A Goodwood Revival 'yan kallo da yawa suna sanya tufafin zamanin da ake tsere a filin, wato 1948 zuwa 1966, kuma mutum cikin irin wannan shiga a gefen motar zamaninsa ya fi fili wayam kyau nesa ba kusa ba. Yaro da ya leƙa ta taga, ko hannun makanike da baƙin mai, suna ba hoto abin da ƙarfe shi kaɗai ba ya bayarwa.

Idan motocin suna tafiya, kamar a jerin gwanon da ake yi daga Hyde Park a Landan zuwa Brighton ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba, wanda motocin da aka ƙera kafin 1905 kaɗai suke shiga, to akwai wata dabara ta daban. Ƙiftawa mai sauri irin 1/1000 tana daskarar da tayoyi, motar ta zama kamar an ajiye ta a tsakiyar titi. Ka sauke zuwa 1/125, ka kafa ƙafafunka, ka bi motar da kyamara kana juyawa daga ƙugu, ka danna tana daidai gabanka, ka ci gaba da juyawar bayan ka danna. Motar za ta fito sarai, tayoyi da bayanta su ja zane. Ga motoci masu tafiyar hawainiya irin waɗancan, sai ka sauka zuwa 1/60 ko 1/30 kafin motsin ya nuna. Yawancin hotunan za su lalace, wannan ba abin damuwa ba ne, a ɗauka da yawa a zaɓa.

Ka tafi da batir na biyu da memori na biyu da ruwan sha, da ƙyalle mai laushi na goge gilashin kyamara. Inda ake ƙura, musamman lokacin hunturu a ƙasashenmu, ka guji sauya gilashi a fili, domin ƙurar da ta shiga ciki za ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin saman kowane hoto.

Wajen gyara a kwamfuta, ka daidaita hoton da ya karkace, ka ɗago inuwa kaɗan, ka goge ƙaramin tarkace irin takardar da ke kan ciyawa, amma ka kiyaye launi. Masu waɗannan motoci sun san ainihin fentin da masana'anta ta fitar, wasu ma sun sha wahala kafin su samo shi, kuma ja yana saurin rikiɗewa ya koma ruwan lemo ko ya cushe idan aka ƙara masa ƙarfi. Tun a fili ka ɗauki hoton allon bayanin kowace mota bayan ka gama da ita, don kada ka rikita suna da shekara idan ka zo rubuta bayani. Kafin ka ɗora hoto a Instagram ko Facebook, ka dusar da lambar motar, sai fa idan mai ita ya ce ka bar ta.